Magena ta kasa cin abinci, likita ya ce sai an cire mata haƙora, maigida ya ce almubazzaranci ne

Assalamu alaikum Dokta. Ina da mage mai suna Toka, shekararta takwas. Marigayiya mahaifiyata ce ta tsince ta tana 'yar jaririya, da ta rasu na ɗauko ta na dawo da ita gidana. Wata huɗu ke nan bakinta na wari, miyau na dalala, wani lokaci har da jini-jini. Za ta zo gaban kwano da yunwarta, ta ɗauki loma ɗaya, sai ta ƙwalla ƙara ta saki ta ruga ƙarƙashin gado. Ta rame, gashinta duk ya cukurkuɗe don ta daina lasar jikinta. Na kai ta wurin likitan dabbobi a nan Kaduna, ya yi mata allura ya ba mu magani, ta samu sauƙi na 'yan makonni, abin ya dawo sabo. Da muka koma sai ya ce dole a sa ta barci, a ɗauki hoton bakin, a cire haƙora da dama, ƙila ma duka na ciki, kuma shi ba shi da kayan aikin, sai dai in kai ta inda ake da su. Abin da ya ƙiyasta ya kusa rabin albashina. Maigidana ya ce mutane na can ba su da na Panadol ni ina maganar kai mage asibitin haƙori. Surukata ta ce a shafa mata kanumfari da gishiri, ko a jiƙa mata rabin Panadol, in ba ta tashi ba a kai ta kasuwa a saki. Ni kuma ina tsoron kar ta tafi a allurar barcin, kuma mage ba haƙori da me za ta ci? Dokta a ba ni shawara.

Maman Walida, Kaduna

Wa alaikumus salam, Maman Walida. Allah ya jiƙan Hajiya, ya kai haske kabarinta.

Kafin komai, kada Panadol ya shiga bakin magen nan. Ba rabi ba, ba kwata ba, ba ɗan burbushi a ruwa ba. Hantar mage ba ta da sinadarin da hantar ɗan Adam ke sarrafa parasitamol da shi ta fitar, shi ya sa maganin ke juyewa ya zama guba a jininta. Cikin 'yan sa'o'i dasashi ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya fara gagara, domin jinin ya daina ɗaukar iska. Ƙwaya ɗaya ta manya ta isa ta kashe mage. Sauran magungunan ciwon jiki na kemis, irin su ibuprofen da diclofenac, ƙoda da ciki suke lalata mata. Kanumfari da ke kwantar mana da ciwon haƙori, man da ke cikinsa shi ma hantar mage ba ta iya masa. Gishiri a kan ɗanyen gyambo kuwa kin san abin da yake yi. Kada kuma wani ya ce a goge mata bakin da ruwan Dettol ko Izal. Surukarki ba sharri take nufi ba, abin da ta ga yana yi wa mutane aiki ta faɗa, sai ki yi mata bayani cikin ladabi, ki kuma tabbatar babu wanda zai ba ta a bayan idonki da sunan taimako.

Wata magana a gefe, don masu karatu. Dabbar da ta fara dalalar miyau kwatsam, ta kasa haɗiya, halinta ya canza, ba a zura mata hannu a baki wai a ciro ƙashi. Haukar kare tana kama mage, kuma haka take fara nunawa. Toka ba wannan ke damunta ba, domin dabbar da haukar ta bayyana a jikinta da wuya ta wuce kwana goma, ita kuwa wata huɗu take fama. Amma mai ciwon baki tana cizo, ko da ta saba da ke. In ta cije ki ko ta yakushe ki har jini ya fito, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ki je asibiti. In ba a yi mata riga-kafin haukar ba, a sa shi cikin lissafi.

Ban ga Toka ba, amma yadda kika zayyana ta, likitanki yana kan hanya. Mage babba haƙora 30 gare ta, kuma tsutsar haƙori irin tamu ba ta cika damunta ba. Abubuwa uku ne suka fi kai ta ga halin da kika faɗa, sau da yawa ma sukan haɗu a baki ɗaya.

Na farko ciwon dasashi ne. Dauɗa tana taruwa a gindin haƙori, ta daskare ta yi tauri cikin 'yan kwanaki, ƙwayoyin cuta su shige ƙarƙashin dasashi su riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin har ya fara girgiɗi. Mafi yawan karnuka da kyanwoyin da suka haura shekara uku suna da shi, kaɗan ko da yawa.

Na biyu ya fi ban tausayi, domin ba a ganinsa da wuri. Jikin magen da kansa ne ke narkar da haƙorin, yakan faro daga saiwa ko daidai bakin dasashi, ya yi ta ci har ya tarar da jijiya. In ka ɗaga leɓe ba abin da za ka gani sai ɗan jan nama da ya hau gefen haƙori kamar ba komai ba. Amma da likita ya taɓa wurin da tsinken gwaji sai muƙamuƙin ya kama karkarwa, wani lokaci ko da tana cikin barcin allura. Ba a cike irin wannan ramin, domin narkewar ba ta tsayawa. Cirewa ake yi.

Na uku shi na fi zargi saboda ƙarar da take yi a gaban kwano da kuma daina lasar jiki. Kumburi ne da ke mamaye dasashi har can ƙuryar baki, wajen da muƙamuƙin sama da na ƙasa suka haɗu, wurin ya yi jawur, ya tsattsage, yana jini da an taɓa. Garkuwar jikin magen ce ke wuce gona da iri wajen yaƙar dauɗar da ke kan haƙora, har ta koma tana ƙona naman bakin. Sau da yawa ana samunsa tare da ƙwayar cutar murar mage, ko cutar nan mai karya garkuwar jiki da suke ɗauka wajen faɗa da cizo, wadda ba ta kama mutum. Allurar da aka yi mata, mai yiwuwa ta kashe ƙwayoyin cuta ce da ta rage kumburi, shi ya sa ta samu sauƙi ya kuma gushe. Haka za a yi ta yi, kowane zagaye sauƙin yana gajarcewa, kuma yawan allurar rage kumburi na iya jawo wa mage ciwon suga. Muddin haƙoran na nan, abin da ke tunzura kumburin na nan. Shi ya sa maganin da ya fi aiki shi ne cire na ciki gaba ɗaya, wani lokaci har da fiƙoƙi. Mafi yawan waɗanda aka yi wa haka sukan warke ko su samu sauƙi mai yawa, wasu kaɗan sukan ci gaba da buƙatar magani bayan aikin. Wannan ki riƙe shi tun yanzu, don kar wani ya yi miki alkawarin ɗari bisa ɗari.

A shekarunta akwai cututtuka biyu da ya kamata a fara tabbatar ba su ke damunta ba. Ciwon ƙoda yana kawo warin baki da gyambon harshe da rama, gwajin jini da fitsari ne ke nuna shi. Akwai kuma ciwon daji na baki, wanda yakan fito ƙarƙashin harshe ko a ƙashin muƙamuƙi, ya yi kama da ciwon haƙori. In aka tarar da ɗayansu, lissafin duka ya canza, kuma gara ki sani kafin ki kashe babban kuɗin.

Ni likitan naki ya burge ni da ya ce ba shi da kayan aiki. Wani da ya karɓi kuɗinki ya sa filaya. Saiwar haƙorin mage siririya ce ƙwarai, mai saurin karyewa, wasu haƙoran saiwa biyu gare su, babban na sama uku. Wanda ya san aikin yakan yi allurar kashe zafi a jijiyar wurin, ya ɗaga dasashi, ya yanka haƙorin da ɗan injin yanka ya raba shi saiwa-saiwa, ya zaro kowace daban, ya goge bakin ƙashin ya yi sumul, ya ɗinke da zaren da ke narkewa da kansa. Sannan ya sake ɗaukar hoto ya tabbatar ba a bar guntu ba. A irin ciwo na uku, guntun saiwa ɗaya da aka manta ya isa ya sa kumburin ya ƙi tafiya, kin biya kuɗi, mage ta rasa haƙora, ciwo yana nan. Ƙashin haɓarta ma siriri ne, garin fizgar fiƙar ƙasa da ƙarfi ana iya karya shi. Ga dalilin hoton: fiye da rabin haƙori yana binne ne cikin ƙashi, ido ba ya kai wa can.

Za ki iya haɗuwa da mai ce miki zai kankare mata haƙora ba tare da barci ba, a kuɗi kaɗan. Ki gode masa ki wuce. Fenti ne a bangon da gara ta cinye gindinsa. Saman haƙori ya yi fari, ciwon da ke ƙarƙashin dasashi ba a taɓa shi ba, ga azabar danne dabba mai ciwon baki ana kankara da ƙarfe. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, cikin ƙa'idojin aikin haƙori da ta fitar a 2017, ta yi watsi da wannan salon.

A Amurka da Turai haƙorin dabbobi fanni ne mai zaman kansa. Kwalejin ƙwararrunsa ta Amurka tun 1988 aka kafa ta, kuma sai likita ya ƙara kimanin shekara uku na horo bayan digirinsa ya ci jarrabawa kafin a kira shi ƙwararre. A wajenmu aikin ya fi zama a hannun likitocin tiyata na ƙananan dabbobi, a asibitocin koyarwa na jami'o'i da wasu asibitocin kuɗi na manyan birane. Mafi kusa da ke shi ne asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Akwai irinsa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Abuja. Ki roƙi likitanki ya rubuta miki takardar turawa mai ɗauke da sunayen magungunan da ya ba ta da ranakun, ya kuma taya ki kiran inda za ki je. Kada ki ɗauki mage mara lafiya ki kama hanya ba ki tabbatar za a iya aikin ranar ba. Duk inda kika zaɓa, ki tabbata mai aikin likita ne da ke da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, ba mai sayar da maganin kaji da ake kira dokta ba.

In kin samu mai aikin, ki yi masa tambayoyi, kada ki ji nauyi. Za a gwada jininta kafin barci? Za a zura mata bututun numfashi a maƙogwaro? Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin aikin haƙori ruwa da jini da ɓarɓashi ne a baki, in babu bututu sai su gangara huhu. Za a sa mata ƙarin ruwa? Akwai wanda aikinsa kawai lura da numfashinta da bugun zuciyarta, ko mai cire haƙorin ne zai riƙa leƙawa? Da me za a ɗumama ta, tunda jikin mage na saurin yin sanyi cikin barci? Akwai na'urar hoton haƙori, in kuma babu, yaya zai tabbatar saiwa ta fita duka? Ya saba yi wa kyanwoyi wannan aikin? Wane maganin zafi za ki tafi da shi gida? Likitan kirki ba ya jin haushin irin waɗannan. Wanda ya ce miki ke dai ki kawo ta kawai, ki nemi wani.

Tsoron barcin da kike ji ba shirme ba ne. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin dabbobi na Birtaniya, aka wallafa a 2008, ya nuna cikin kyanwoyi masu lafiya kusan ɗaya cikin 900 ke mutuwa ta dalilin allurar barci, cikin marasa lafiya sosai kuwa kusan ɗaya cikin 70. Can ke nan, inda kayan aiki suka wadata. Ki dubi tazarar da ke tsakanin lissafin biyu, za ki ga inda maganar take: halin lafiyar dabba a lokacin da aka kwantar da ita shi ne ke yanke hukunci. Toka ta riga ta rame, kowane mako da aka ƙara tana matsawa daga rukunin farko zuwa na biyu. In za a yi, yanzu ya fi bayan wata uku. In gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa ko ruwan jikinta ya ƙafe, a fara gyara wannan na 'yan kwanaki sannan a shiga aikin.

Batun da me za ta ci, wannan shi ne mafi sauƙi cikin tambayoyinki. Mage ba ta tauna irin tamu. Haƙoranta na kamu ne da yanka, abin da ta yanka haɗiye shi take yi, harshenta mai ƙaiƙayi shi ke kwasar abinci. Da yawa daga waɗanda aka cire wa duka har busasshen abincin mage suna ci bayan sun warke. Abin da ke hana Toka ci yanzu zafi ne, ba rashin haƙori ba, kuma masu irin wannan magen sukan yi mamakin yadda take faɗa wa kwano kwana kaɗan bayan aiki. Farautar ɓera ce ƙila za ta ragu, kuma in an cire fiƙoƙi ba mai yawon dare ba ce kuma, don ba ta da abin kare kanta.

Saura maigida, kuma a ganina nan ne ainihin abin da ya sa kika rubuto. Maganarsa ba ta banza ba ce. Ana cikin matsi, kuma mutumin da ke ganin 'yan uwa na neman kuɗin magani dole rabin albashi a kan mage ya yi masa nauyi a kunne. Kada ki tunkare shi da cewa ba shi da tausayi, za ki rasa shi ne kawai. Mage gwanar ɓoye ciwo ce, mai yiwuwa shi abin da yake gani mage ce mai ƙyuya da wari. Ki kira shi lokacin ba ta abinci ya tsaya ya gani da idonsa, lomar nan da ƙarar nan da gudun nan. Sannan ki kawo masa lissafi a rubuce: abin da kuka riga kuka kashe a allurai da zirga-zirga cikin wata huɗu, da abin da za a ci gaba da kashewa in ba a yi aikin ba, ga kuma na aikin sau ɗaya. Ki gaya masa gaskiyar abin da ke ranki, cewa amanar mahaifiyarki ce. Ki nemi yardarsa da rakiyarsa, ko da daga albashinki kuɗin zai fito.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin matar da aka yi wa azaba saboda mage da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Ya kuma ce akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Wani zai ce to ai ga saki nan an ambata, a kai ta kasuwa. Sakin da ake nufi na dabbar da za ta iya neman abinci ne. Wadda ta shekara takwas a ɗaki, ba ta iya haɗiye loma a kwanonta, in aka ajiye ta a kasuwa yunwa da karnuka da jifan yara aka miƙa wa. Wannan zaɓin, kamar Panadol, a'a zan ce miki kai tsaye.

Ban ce ki taɓa kuɗin abincin gida ko na makarantar Walida ba, ban kuma ce ki ci bashin da zai hana ki barci ba. Ki fara da ganin likita da gwajin jini, wannan kaso ne kaɗan na kuɗin, kuma shi zai nuna ko sauran ya cancanta. Ki nemi a rubuta miki ƙiyasin dalla-dalla, ki tambaya ko ana biya kashi-kashi, ki kwatanta na asibitin koyarwa da na kuɗi. In kina adashe, ki roƙi a ba ki ɗauka da wuri. Wasu sukan raba aikin gida biyu, a cire mafi muni yanzu, sauran daga baya. Yana yiwuwa, sai dai barci biyu ne, kuma jimillar takan fi tsada. In kuwa an yi duk wannan abin ya gagara, ki gaya wa likita ƙarara. Akwai maganin zafi da aka yi domin mage, wanda zai ba ta bayan ya duba ƙodarta. In ranar ta zo da maganin ya daina riƙe ta, ta daina ci gaba ɗaya, ku zauna da likitan a kan hutar da ita ba tare da wahala ba, ki kuma tambayi malamin da kika amince da shi don zuciyarki ta natsu.

Daga yau zuwa ranar aikin, abinci mai laushi za ki ba ta: dafaffen kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya tsaf, a marmasa da ɗan romonsa, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna fasa jinin mage. Ki ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya ja ta, ki zuba a faranti mai faɗi, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Tuwo da madara ba sa riƙe mage, nama jikinta ke buƙata. Kada ki gwada goge mata baki yanzu. In ta yi kwana biyu ba ta ci komai ba, kada ki jira ranar da aka ba ki, domin mage in ta daɗe ba ci kitse kan taru a hantarta, wannan kuma wani ciwon ne daban mai kisa. Ranar tafiya ki bi abin da likita ya ce game da lokacin ɗauke mata abinci, ki sa ta a kwando mai murfi da iska ke shiga, ba buhu ba, ba but ɗin mota ba, ku fita da sanyin safiya.

Bayan aikin, kimanin mako biyu za ta yi a kan abinci mai laushi, a cikin ɗaki, da maganinta a kan lokaci. Ɗan miyau mai ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne. In jini ya ƙi tsayawa, ko fuska ta kumbura, ko ta wuce kwana ɗaya ba ta taɓa abinci ba, ki kira likita. Ki mayar da ita a duba ɗinkin ko da kin ga ta warware. In an bar mata wasu haƙoran, sai bakin ya warke sarai sannan ki koya mata gogewa a hankali da ɗan buroshi mai laushi da man da aka yi domin dabbobi, ba makilin namu ba, don ita ba ta tofarwa, haɗiyewa take yi.

Allah ya ba Toka lafiya. Ki gaida maigida da surukarki.